Idan kika ga jini kina da ƙaramin ciki: jagora ga matan zangon Kumasi

Yawanci da dare ake lura. Mace ta zaga bayi bayan isha'i, ta haska wayarta, sai ta ga ja a jikin zane. Wata biyu ke nan rabonta da al'ada, kuma ban da maigida babu wanda ya sani, don a zango ƙaramin ciki ba abin shela ba ne. In gidan haya ne irin namu na Aboabo ko Sawaba, ɗaki goma sha biyu famfo ɗaya, kafin gari ya waye ta samu likitoci uku. Hajiyar ɗakin ƙofa ta ce ta kwanta ta jingine ƙafafu a bango. Uwar miji ta aika a karɓo rubutu. Ƙawa kuma ta turo hoton kwalin wani magani ta WhatsApp, wai shi ya riƙe wa yayarta ciki.

Dukansu don Allah suka yi. Sai dai kowacce ta wuce kai tsaye zuwa maganar riƙe ciki, alhali akwai tambaya biyu a gabanta: a ina cikin yake zaune, kuma yana da rai? Hannu ba ya amsa su, ido ba ya amsa su, sai gwaji da hoton ciki. Duk abin da zan faɗa miki a ƙasa, 'yar'uwa, a kan waɗannan biyun ya doru.

Sunan abin da girmansa

Idan jini ya fito a farkon ciki, aka duba aka tarar bakin mahaifa a rufe, cikin kuma yana nan cikin mahaifa da ransa, shi ne likitoci ke cewa ciki yana barazanar zubewa. Mu a gida mukan ce ciki yana neman fita, ko ɓari yana yi mata barazana. Kusan mace 1 cikin 4 tana ganin jini a watanni ukun farko, kuma da yawa daga cikinsu suna haihuwa lafiya lau. Idan har an ga bugun zuciya a hoto, wajen 9 cikin 10 cikin yana ci gaba. A ɗaya gefen, cikin da aka san da shi, tsakanin 10 da 20 cikin 100 yana zubewa, mafi yawa kafin mako 12.

Abin da ya kamata uwar miji ta ji da kunnenta shi ne dalilin. Kimanin rabin ɓarin farkon ciki daga ƙwayoyin halitta ne, tun ranar da ƙwan mace da maniyyi suka haɗu lissafin bai cika daidai ba, sai ginin ya tsaya da kansa. Ba dakan sakwara ba ne, ba girgizar faragiya, keken haya mai ƙafa uku, a kan ramukan hanya ba ne, ba faɗan da kuka yi da maigida ranar Laraba ba ne. Sauran dalilan akwai zazzaɓin cizon sauro, ciwon suga da ba a kula da shi ba, ciwon maƙoƙo, shekaru in sun haura 35, da taba. Wani jinin ma ba daga cikin mahaifa yake ba sam: bakin mahaifa kan yi laushi da juna biyu, saduwa ko ciwon sanyi ko ɗan tsiro ya sa shi tsattsafi.

Mataki na 1: minti goma na farko

Ki zauna, ki ja numfashi, ki kalli agogo. Lokacin da jinin ya fara abu ne da za a tambaye ki.

Sa audugar mata sabuwa, fara, wadda za ki iya ganin abin da ya zuba. Ƙunzugu mai launi yana ɓoye yawan jini, kuma kada ki cusa komai ciki. Daga yanzu ki daina zuwa bayin rami ko bayin haya na unguwa, inda abin da ya fita ya tafi ke nan ba ki gani ba. Ki ajiye fo ko ƙaramin bokiti a ɗaki. In wani abu ya faɗo mai kamar tsoka ko farin fata-fata, ki ƙulle shi a leda mai tsabta ki tafi da shi asibiti, ko aƙalla ki ɗauki hotonsa. Na san da nauyi a zuciya, amma yana taimaka wa mai duba ki ƙwarai.

Sannan ki lura da abu huɗu: launin jinin (ja jawur, ruwan hoda, ko baƙi-baƙi kamar ruwan goro), yawansa, ko da gudaji, da inda ciwo yake. Jini mai duhu tsoho ne, ya fi kwantar da hankali a kan ja mai gudu, amma bai wanke ki daga zuwa asibiti ba, don cikin da ke wajen mahaifa ma da ɗan baƙin jini yakan fara.

Ki tuno ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe. Daga ita ake ƙirga makonni, ba daga ranar da kika yi gwaji ba. In kin manta, ki kama ta da wani abu: kafin bikin wance ne ko bayansa, kafin albashi ne, wace Juma'a ce.

Mataki na 2: yanzu za a tafi, ko da safe?

A tafi yanzu, ko ƙarfe biyu na dare ne, idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan:

- jini yana jiƙa auduga sharkaf cikin awa ɗaya, ko gudaji suna fita kamar ƙwan kaza
- ciwon mara mai tsanani, musamman a gefe ɗaya
- ciwo a saman kafaɗa wanda ba ki san mafarinsa ba
- jiri, duhun ido in kin miƙe, gumi mai sanyi, faɗuwar gaba, ko suma
- jin kamar bayan gida ya matse ki da zafi amma babu komai
- zazzaɓi, rawar sanyi, ko ruwa mai wari

Kafaɗa da mara, me ya haɗa su? Ciki 1 zuwa 2 cikin 100 ba ya isa mahaifa, yana maƙalewa a bututun da ƙwai ke bi. Bututun nan siriri ne, ba a yi shi don ɗaukar ɗa ba. Wajen mako 6 zuwa 10 yana iya tsagewa, jini ya riƙa zuba cikin ciki inda ba a gani. Idan ya taru ya taɓa tantanin da ke ƙarƙashin huhu, jijiyar wurin takan kai zafin kafaɗa. Shi ya sa mace za ta ga ɗigo biyu a zane alhali ta zubar da fiye da lita a ciki. Wannan shi ne abin da ke kashewa, kuma shi ne dalilin da ya sa ba na yarda da "kwanta ki huta mu gani" kafin a yi hoto. Wadda ta taɓa yin irin cikin nan, ko ta sha fama da ciwon sanyin mara, ko aka yi mata aiki a bututu, ko ciki ya shiga tana da robar tsarin iyali a mahaifa, ita ta fi kowa bukatar gaggawa. Amma da yawa babu ko ɗaya cikin waɗannan a tarihinsu.

Idan ɗigo ne kawai, ba ciwo, kina jin ƙarfinki, za ki iya kwana ki kama hanya da asuba. Da asuba na ce, ba bayan kin tashi daga kasuwa ba, ba kuma ranar Litinin ba.

Mataki na 3: ina za a nufa, da me a hannu

Da rana, jini kaɗan, asibitin da kike awo ya isa farawa. Da dare ko da alamun haɗari, ki nemi wurin da ke da abu huɗu a ƙarƙashin rufi ɗaya: hoton ciki, ɗakin gwaji, ɗakin tiyata da jini. Ga mutanen Asawase, Aboabo da Akwatia Line, asibitin Manhyia ne na gwamnati a kusa. Na zangon Tafo suna da asibitin Tafo. Komfo Anokye da ke Bantama, wanda kowa ke kira Ji, can ake tura abin da ya fi ƙarfin sauran. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. In motar asibiti za ta ɗau lokaci, a tare tasi, a kwantar da ke a kujerar baya ta gefe. Mai jiri ba ta hawa babur.

Maigida, nan aikinka yake. Ka ɗauko littafin awo in ta fara, katin inshorar lafiya, katin ɗan ƙasa, zane biyu, auduga, da duk wani magani ko jiƙo da ta sha cikin kwanakin nan, da kwalinsa ko gorarsa. Tun 2008 gwamnatin Gana ta sa kula da masu juna biyu cikin inshorar lafiya kyauta, ana yi wa mai ciki rajista ba ta biya. Duk da haka ka riƙe kuɗi a hannu ko a waya, don sau da yawa wani gwajin ko hoton a waje ake yinsa. In katin ya mutu ana sabunta shi ta *929#, amma ba a fafe gora ranar tafiya, wannan aikin ranar da gwaji ya nuna layi biyu ne. In jinin da yawa, ka kira ƙannenka biyu masu lafiya su biyo ku, ko za a nemi masu ba da jini. Kuma kada a ɗura mata koko ko shayi a hanya don ta samu ƙarfi, in tiyata ta kama an fi son ciki babu komai. Idan Turanci ko Asantanci bai zauna mata a baki ba, a tafi da wadda za ta yi mata tafinta, mace wadda ba ta jin kunyarta.

Mataki na 4: a gaban mai duba ki

Tun a bakin ƙofa ki faɗi magana ɗaya a fili: ina da ciki wata kaza, jini nake zubarwa. Kada ki bi layin masu ciwon kai ki yi shiru don kawaici. Kunyar ɗan fari tana da wurinta, a gaban surukai.

Ki faɗi komai: ciki na nawa ne, ɓari nawa, ko an taɓa yi miki aiki, ko kina da sikila, hawan jini ko suga. In kin sha wani abu da niyyar cikin ya fita, ko kin sha ba ki san kina da ciki ba, ki faɗa. Maganin da za a yi miki ya danganta da wannan, kuma ɓoyewar ce ke kai mata ga ruɓewar mahaifa. In ba kya son maigida ko uwarsa su ji, ki nemi su ba ku wuri.

Za a auna hawan jini, bugun jijiya da zafin jiki, a taɓa mara. Wataƙila a sa ɗan ƙarfe ko roba mai kamar bakin agwagwa a leƙa bakin mahaifa, a ga a rufe yake ko a buɗe, da inda jinin ke fitowa. Wannan dubawar ba ta zubar da ciki. In namiji ne ke aiki ranar, haƙƙinki ne ki ce a tsayar da ma'aikaciya mace a ɗakin, amma kada ki koma gida da jini don babu likita mace.

Gwaje-gwajen da aka saba: na tabbatar da ciki, na yawan jini, na zazzaɓin cizon sauro, na fitsari, da rukunin jini. Wannan na ƙarshe ki tambayi sakamakonsa ki haddace. In jininki mai alamar ragi ne, wato Rh nagetif, akwai allurar anti-D da ke kare cikin da za ki yi nan gaba, ana yin ta cikin awa 72. Ba kowane ɗigon jini ke bukatarta kafin mako 12 ba, amma bayan wankin ciki, ko cikin bututu, ko jini bayan mako 12, ki tuna musu da bakinki.

Wani abu da ya sha haɗa aure faɗa: a yaren likitoci, kalmar da ake furtawa "aboshan" tana ɗaukar ɓarin da ya zo da kansa da kuma zubarwa da gangan. Miji mai ɗan karatu ya buɗe kati ya gan ta, ya ɗauka an ci amanarsa. Malam, ka tambayi likita ma'anar abin da ya rubuta kafin ka ɗaga murya.

Mataki na 5: hoton ciki, da yadda za ki fahimci amsarsa

Hoto iri biyu ne. Na kan mara yana son mafitsara cike, sai a ce ki sha ruwa ki riƙe fitsari. Na ta gaba, wanda ake sa siririn sanda a farji, yana son ki yi fitsari tukuna, kuma shi ya fi gani a ƙaramin ciki, yana iya nuna bugun zuciya tun wajen mako 6. Mata da yawa suna ƙinsa don tsoron kada ya taɓa ɗan. Ba ya shiga mahaifa, a waje da bakinta yake tsayawa.

Yawanci amsar ba ta wuce ɗaya cikin waɗannan.

Ciki yana cikin mahaifa, zuciya tana bugawa. Alhamdu lillahi, wannan ita ce barazanar da muke magana a kai. Wani lokaci a ga ɗan jini ya taru a bayan jakar cikin. Yawanci jiki yana shanye shi ko ya fito a hankali baƙi-baƙi na kwanaki, har makonni.

An ga jaka a mahaifa amma ba a ga zuciya ba tukuna. Nan ake yawan kuskure, don haka ki natsu. Wataƙila lissafinki ne ya zarce, cikin bai kai yadda kike zato ba. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce ba a cewa ciki ya mutu sai tsawon ɗan tayin ya kai milimita 7 babu bugun zuciya, ko faɗin jakar ya kai milimita 25 babu komai a ciki. In bai kai haka ba, a sake hoto bayan kwana 7 zuwa 14. Duk wanda ya ce a wanke miki ciki yau bisa hoto ɗaya na ƙaramin ciki, alhali ba jini kike zubarwa mai yawa ba kuma babu zazzaɓi, ki tambaye shi awon nawa ya gani, ki nemi a sake dubawa. Jiran mako guda da ciwo a rai, amma an sha dawowa a tarar da zuciya tana bugawa.

Gwaji ya ce akwai ciki, hoto bai ga komai ba, ciki ko waje. Ko ya yi ƙanƙanta, ko ya riga ya fita, ko yana ɓoye a bututu. Za a ɗebi jini a auna sinadarin ciki, a sake bayan awa 48, a ga hawa yake ko sauka. Kada ki tsallake na biyun, shi ne ke ba na farkon ma'ana. Har a gano inda yake, ki ɗauki kanki a matsayin mai haɗari: ba tafiya Tamale ko Bawku, ba kwana ke kaɗai.

Ciki a bututu. Babu dabarar mayar da shi mahaifa, babu a Kumasi, babu a Ingila. Ko allura in an kama shi da wuri, ko tiyata. Mace mai bututu ɗaya lafiyayye tana sake ɗaukar ciki.

Ciki ya daina girma amma bai fita ba. Wannan ne tushen abin da iyayenmu ke kira kwantaccen ciki, a ce ya kwanta zai tashi bayan wata shida ko shekara. Ina girmama masu faɗa, amma ɗan tayin da zuciyarsa ta tsaya ba ya farkawa. Abin da kan faru shi ne wancan ya tafi, wani sabo ya shiga daga baya, sai a haɗa lissafin biyu.

Mataki na 6: maganin riƙe ciki

Kowa shi yake nema, kuma a nan ake cin kuɗin mutane. Gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce cikin da halittarsa ba ta haɗu daidai ba babu ƙwayar da za ta riƙe shi, lafiyayye kuma galibi yana tsayawa ko ba a sha komai ba. Shi ya sa kowane mai magani yake da shaidu: an ba mata goma, tara sun haihu, ya ce aikinsa ne.

Magani ɗaya ne ke da hujja, shi ma ga wasu mata. Sunansa furojestaron, sinadarin da jiki da kansa ke yi don shimfiɗa wa ciki wurin zama. A 2019 an fitar da sakamakon babban bincike a Birtaniya kan mata sama da 4,000 masu zubar jini a farkon ciki. Ga wadda ba ta taɓa ɓari ba, maganin bai canza komai ba. Ga wadda ta taɓa, ya ƙara yawan masu haihuwa, kuma amfanin ya fi fitowa ga masu ɓari uku ko fiye: 72 cikin 100 suka haihu, a kan 57 na waɗanda ba su samu ba. Daga nan, a 2021, hukumar tsara ƙa'idojin magani ta can ta ce a ba mace mai jini wadda ta taɓa ɓari, bayan hoto ya nuna cikin yana mahaifa: miligiram 400 ta farji, safe da dare, har mako 16 in an ga bugun zuciya.

Ki lura da sharaɗin hoto. Shan sa a makance daga shagon magani na iya sa ki sakankance kina riƙe cikin da ke bututu. In kin taɓa ɓari, ki tambayi likita kai tsaye ko kin cancanta. In ya ba ki wani nau'in na sha, ki bi yadda ya rubuta, kada ki haɗa biyu don ƙawa ta ce.

Masu cewa a ɗaure musu mahaifa kuma, ɗinkin bakin mahaifa na wadda bakin ke buɗewa shiru ne a wata na huɗu ko na biyar, ciki ya sulluɓe ba naƙuda sosai. Ana yin sa wajen mako 12 zuwa 14. Ba maganin jinin wata biyu ba ne.

Mataki na 7: kwanakin jira a gida

An gwada kwanciya ɗungurungum a gado, ba ta hana ɓari, kuma doguwar kwanciya na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Ki yi zirga-zirgarki ta cikin gida. Amma ni ina goyon bayan a sauke miki tallan kai zuwa kasuwar Kejetia, jan ruwa, da tsayuwar asuba a kan tukunyar shinkafa da wake, har jini ya ɗauke da kwana biyu ko uku. Mai zubar da jini tana bukatar ƙarfinta, kuma in abin ya ƙaddara ya faru, ba za ki zauna kina tuhumar kanki da bokitin ruwa ba. In Hajiya ta ce ki ɗaga ƙafa, ɗaga, ba ya cutarwa.

A dakata da saduwa har jini ya tsaya. Ba matsi, ba tsarki da ruwan magani zuwa ciki, ba zama cikin ruwan zafi, ba bentuwa, wato ɗura ruwan magani ta dubura, da maƙwabtanmu Asantawa suka saba yi wa masu ciki. Jiƙo, sassaƙe da magungunan gora da ake talla a rediyo da tasha, ki ajiye su: ba ki san abin da ke ciki ba, wasu kuma murɗa mahaifa suke yi. Addu'a da tofi ki yawaita, ba su hana hoto, hoto bai hana su ba.

Don ciwo, farasitamol: ƙwaya biyu masu miligiram 500, tazarar awa shida, kada su wuce takwas a yini da kwana. Ki guji ibufurofen da daikulofenak, da haɗe-haɗen ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda. Ciwon da farasitamol bai taɓa shi ba, na komawa asibiti ne. Ki ci gaba da folik asid da maganin ƙarin jini. In kina kan maganin hawan jini, suga, farfaɗiya ko na ƙanjamau, kada ki daina da kanki, ki kai wa likita ya duba ko akwai wanda za a canza.

Zazzaɓi a garin nan sauro ne har sai gwaji ya ce ba shi ba, kuma yana zubar da ciki. Ki kwana cikin gidan sauro kullum. Jiki ya yi zafi, a yi gwaji ranar, a bar likita ya zaɓi maganin da ya dace da watanni ukun farko. Ƙwayoyi ukun rigakafi da ake haɗiya a gaban nas a wurin awo sai mako 16 ake fara su, kada ki sayo ki sha yanzu.

Goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar Asante, na sani, amma yana da sinadarin da ke cikin kofi. Ma'aunin mai ciki kada ya wuce miligiram 200 a rana, kimanin kofi biyu, kuma goro, ataya da lemon ƙara kuzari duk cikin lissafi ɗaya suke. Ɓari guda na goro don tashin zuciya ba laifi. Taba da shisha kam babu su, har hayaƙin na maigida. Ki ci wake, ƙwai, kifi, nama, miyar kontomire, ayoyo da zogale, ki sha ruwa sosai.

Ki riƙa rubuta auduga nawa kika canza a rana. Jini ya ƙaru, ciwo ya sauya, ko ɗaya daga alamun mataki na 2 ta bayyana, ki koma ba sai ranar da aka ba ki ba. In ɗigon ya kai mako biyu bai ɗauke ba, shi ma ki koma.

Batun salla, malamai sun saɓa. A Malikiyya, wadda galibinmu ke bi, mai ciki tana iya yin haila, Hanafiyya da Hambaliyya kuwa suna ɗaukar jinin na ciwo ne, ba ya hana salla. Ki tambayi malamar makarantarku ki bi abu ɗaya. Azumi kuwa, mai ciki da ke zubar da jini tana da sauƙin da addini ya ba ta, ta sha ta rama.

In cikin ya tafi

Za ki gane: ciwon mara yana zuwa yana tafiya kamar ƙaramar naƙuda, jini ya ƙaru da gudaji, daga baya ya lafa. Ko kin ga kamar komai ya fita, ki je a duba. Ragowa ce ke kawo zubar jini da ruɓewa. Hanya uku ce: a jira jiki ya fitar da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, a ba ki ƙwayar misofurostol a ƙarƙashin kulawa, ko a yi wankin ciki da sirinjin zuƙa, aikin mintoci kaɗan. In babu zazzaɓi ko jini mai yawa, kina da bakin zaɓa. Wankin da aka yi a asibiti da kayan aiki masu tsabta ba ya hana haihuwa.

Jini kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Bayan mako uku ki sake gwajin fitsari, in har yanzu layi biyu ne ki koma. Al'ada tana dawowa cikin mako 4 zuwa 6, amma ƙwai na iya fita tun mako biyu, wato ciki na iya shiga kafin ki ga al'adar. In ba ki shirya ba, ki karɓi tsarin iyali kafin ki bar asibiti. Mafi yawan mata bayan ɓari ɗaya suna haihuwa lafiya a ciki na gaba. Kusan 1 cikin 100 ce ke yin uku a jere, ita kuma akwai gwaje-gwaje na musamman da ya kamata a yi mata, wasu likitocin tun a na biyu suke farawa.

Masu zuwa sannu, "ai ba a busa masa rai ba" da "ke da kike yarinya" ba sa rage komai. "Sannu, Allah ya mayar da alheri" ta isa, sai a ɗauke mata girki na mako guda. In bayan makonni ba ta barci, ba ta cin abinci, kuka ba ya tsayawa, a mayar da ita wurin ma'aikatan lafiya, wannan ma ciwo ne da ake magani.

In ya tsaya

Ki fara awo yanzu, kada ki jira ciki ya fito. Ki sa a rubuta a littafinki cewa kin yi jini a mako kaza, da sakamakon hoton da rukunin jininki, don wadda ta yi jini da wuri tana da ɗan ƙarin yiwuwar haihuwa kafin lokaci, ungozoma za ta so ta sani. Jinin da kansa ba ya nakasa ɗa. Ki karɓi gidan sauron da ake bayarwa a awon farko, ki riƙe ranar mako 16 don fara ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi, sannan wajen mako 20 a yi babban hoton da ke duba gaɓoɓin jariri da inda mabiyiya ta zauna. Takardar hoton farko kuma ki manna ta a bangon littafin daga ciki, da ita za a ƙirga ranar haihuwarki.